Tagar Ɗakin Mai Jego

Labulen ɗakin yana motsi, alhali tagar a rufe take. Humaira ta lura da haka da hantsi, tana shayar da jaririnta da ya tashi da atishawa. Wankan jego ta zo yi gidan iyayenta a garin Yara. Robar da ke riƙe gilashin tagar ta tsufa ta zube, iskar damina na shigowa kai tsaye kan katifa.

"Inna, sanyin nan zai kama shi fa," ta ce wa mahaifiyarta.

"Cusa tsumma mana, 'yar boko. Ku da me aka raine ku?"

Aka cusa, iska ta turo shi ƙasa.

Mahaifinta Modibbo yana tsakar gida da rediyonsa, ko ɗagowa bai yi ba. Ita ce 'yar farinsa, kunya ba ta barinsa ya kira sunanta, balle ya leƙa jikan.

Bayan la'asar ta ji motsi ta bayan ɗaki, ta ɗaga gefen labule kaɗan. Modibbo ne tsaye kan benci, ya yayyanka tsohon tib ɗin tayar acaɓa siri-siri, yana tura shi gefen gilashin da bakin wuƙa. Ta yi maza ta saki labulen kada su haɗa ido.

Iska ta sake tasowa, labulen bai motsa ba. Jaririn ya yi ajiyar zuciya cikin barci. Inuwar Modibbo ta ɗan daɗe a jikin tagar, sannan ya sauka, ya ɗauki bencinsa ya wuce.