Kujerar Bakin Taga

"Rufe tagar nan, 'yata," in ji Baba Mai Agogo. "Muryarta nake ji."

Na ajiye kwanon abincin na rufe. Ni dai ban ji komai ba, sai ƙarar agogunan da mutane suka kawo gyara ba su dawo ɗauka ba, kowanne da lokacinsa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu, kuma tun da Mama, matarsa, ta rasu bara, ni nake kawo masa abinci. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rame sai idanu.

Shekara da shekaru ina jin addu'arsu, ba don gulma ba, bangon ne ba shi da kauri. Baba sai ya cire takalmi, ya rufe taga, ya durƙusa a kan siminti muryarsa na rawa: "Ya Mai Shari'a, ka yi mini jinƙai." Mama kuwa sai ta ja kujera bakin taga, ta zuba shayi kofi biyu, ta ce, "To Uba, zauna ka ji abin da tsohon nan ya yi mini yau." Har da dariyarta! Shi kuma ya hau faɗa: "Ke da Ubangiji sai ka ce ƙawarki? Wannan Allahn naki ba shi ne nawa ba!" Ita kuwa sai ta ce, "Kai ka sani," ta kurɓi shayinta. Amma ranar Lahadi benci ɗaya suke zama a coci.

"Maganar nan ce ta hana ni sukuni," ya ce da ni ran nan. "Da bakina na raba mana Allah. In nata daban ne, ta tafi wurin nata ke nan. Ni in na tafi wurin nawa, ina zan gan ta?"

"Haba Baba! Allah ai ɗaya ne. Kai ka koya mana muna yara."

"Na koya muku. Amma wanda nake tsoro da wanda take zuba wa shayi, kin ga sun yi kama?"

Tausayinsa ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, don ni kaina ban san da wanne nake magana ba in ina addu'a.

Na kira Fasto. Ya zauna bakin gado ya ce, "Baba, a tambayi 'ya'ya biyu halin ubansu, ɗaya zai ce mai zafi ne, ɗaya ya ce mai wasa ne. Uban bai zama biyu ba."

"Na ji," in ji Baba. "Amma ni bai taɓa yi mini wasa ba."

Bayan Fasto ya fita, ya kama bakin zanena. "Yaya take fara addu'arta? Ni toshe kunne nake yi."

Na faɗa masa. Ya maimaita a hankali, yana kunya kamar wanda aka kama da sata.

Washegari da hantsi ina wanki, na ji ana jan kujera a kan siminti a ɗakin Baba. Mutumin da ko ƙofa ba ya iya kaiwa! Na ji murya ƙasa-ƙasa, sai tari, sai dariya. Ban taɓa jin Baba ya yi dariya a ɗakin nan ba, kuma har yau ba zan iya cewa dariyar mutum ɗaya na ji ba.

Da na shiga, ya riga ya cika. Yana zaune a kujerar Mama, kansa jingine da bango, taga a buɗe, labule na kaɗawa. Ya cire takalmansa ya jera su a gefe, yadda ya saba. A dakalin taga ga kofi biyu. Ɗaya an sha rabi, ɗayan a cike, tururi bai gama tashi ba.