Igiyar Ƙafar Illo

Duk mai hoton da ya ce maka ɗan shekara biyu yana tsayawa da lallami, faɗa kawai yake yi. Halliru ya shekara tara yana yawo da kyamara tsakanin Isa da Sabon Birni, kuma dabararsa ɗaya ce: guntuwar igiyar rama a aljihu. Ya ɗaure ƙafar yaro a ƙafar kujera, a rufe da riga, a ɗauka, iyaye na dariya.

Ran nan da hantsi aka kira shi gidan Malam Bawa, a wani ƙauye bayan Unguwar Lalle. Ɗan gidan, Ibrahima, yana fatauci a Maraɗi, wata bakwai tsoron hanya ya hana shi zuwa, yana so ya ga yadda ɗansa Illo ya girma. Gidan ba a shiga, sai aka fito da benci ƙofar gida. Tsohon ya zauna cikin babbar rigarsa ta Juma'a, matarsa Hajjo a gefensa.

Illo kuwa ba ya jin ƙarar babur bai nufi hanya yana kiran Baba ba. Sau uku ana kamo shi.

"Wanga yaro ƙahwar uba nai ya ɗauko," in ji Bawa. "Ɗamre shi, ɗana."

Halliru ya ɗaure, har ya ƙara ƙulli na biyu don ya ga ɗan banzan da ƙarfi. Ya ja baya, ya danna sau ɗaya. Nan aka jiyo babura, ba ɗaya ba, ba goma ba.

Harsashin farko a ƙirjin Bawa ya sauka, ya kife a kan bencin ko salati bai ƙarasa ba. Hajjo ta fizgi jikanta, igiya ta fizge shi daga hannunta, harsashi na biyu ya same ta a kafaɗa ta faɗi. Halliru bai san sa'ad da ƙafafunsa suka kai shi cikin gero ba. Yana kwance yana jin ihun mata da rurin shanun da ake korawa, sai ya tsinkayi muryar yaron. Kunya ta kama shi, ta fi tsoron ƙarfi, domin ƙullin nan nasa ne.

Ya ajiye kyamara, ya koma da rarrafe. Ya tarar da Illo ƙarƙashin rigar kakansa, yana ta jan ƙafa wajen baburan, igiya ta yanke masa fata. Ƙullin ya jiƙe da jini, ya ƙi farce. Halliru ya sa haƙori.

Yana cikin gatsa wani ɗan bindiga ya tsaya a kansa da adda. Halliru ya tare da hannun dama, yatsu biyu suka zube a ƙasa. Sara na biyu ya buɗe masa ƙeya. Ya faɗa kan yaron, ya toshe masa baki da hannun da ya rage, ya yi lamo yana jin jininsa na gangarowa cikin kunne. Mutumin ya shure shi sau biyu, ya tofa masa yawu, ya bi shanu.

Sai bayan sadakar arba'in Halliru ya iya kawo hoton. Bawa ya fito da kwarjininsa, Illo ya karkata kai wajen hanya. Amma rigar ba ta rufe duka ba, ga igiyar nan ɓaro-ɓaro a idon sawun yaron. Tun da aka wanke hoton Halliru bai iya kallon wurin ba.

"Inna, ki gahwarce ni," ya ce wa Hajjo, kansa a ƙasa. "Za ni sa a share ta kahin a aika."

Hajjo ta karɓa da hannunta mai lafiya. Ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta ɗora yatsa a kan igiyar.

"Kak ka taɓa ta. Da ba ita ba, da ya tahi tarbonsu yana kiran Baba. Haka za a kai ma uba nai."

Illo ya leƙo daga bayanta yana ɗingishi, ya miƙa wa Halliru ƙafa a ɗaure masa.