Rigar da Ba Ta Bar Ƙyalle ba

Malama Liang ta juye jakar Saffana a kan sikeli, ko zare bai faɗo ba.

"Ina ƙyallayenki?"

"Babu, Malama."

A wannan makarantar zanen tufafi ta Tianhe da ke China, ɗalibi ba ya miƙa rigar jarrabawa sai da ragowar yadinsa, a auna. Wani Bajamushe ne ya bar musu al'adar. Ya tsere wa yaƙin duniya da akwati ɗaya, ya koyar da malamin Malama Liang a Shanghai, kuma ya tsani ɓarna kamar ciwon haƙori. Ko shi, an ce, bai taɓa yanka riga ba tare da ya bar ƙyalle ba.

"Rigar da ba ta da ƙyalle, sayo ta aka yi a ɗinke daga kasuwar Baima," in ji Malama. "Kin san hukuncin."

Ta sani sarai. Kora ce, bayan shekara uku tana karatu. Rantsuwa kuma ba ta cin kasuwa a wurin wannan tsohuwa, don haka Saffana ta ɗauki reza. Ɗinkin mako biyu ta shiga farkewa a gaban 'yan ajin.

Ta shimfiɗa gaba da baya a kan tebur, ta jera hannuwan a gefe. Ƙananan ƙyallayen da ke hammata suka cike kusurwa. Saura rami ɗaya a tsakiya, inda aka fitar da wuya. Ta farke aljihu ta ɗora, ya zauna daram. Yadi uku cif, kamar yanzu aka yanko shi.

Malama ta cire tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Kin ci," ta ce a hankali.

Saffana ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta nemi kujera ta zauna. Daɗi ya rufe ta har ta ji hawaye.

"Shekara talatin ina neman wannan. A wace makaranta kika koya?"

"Wurin babana, Maidaji. Tela ne a Kano."

"Shi ma yaƙi ya gani?"

Dariya ta ƙwace wa Saffana.

"A'a, Malama. Matan unguwarmu ya gani. In ƙyalle ɗaya ya ɓace, sai su ce tela ya sace ya yi wa 'yarsa riga."

Malama ta tura mata allura.

"To, mayar da ita yadda take. A gabanmu."