Ranar da Munir Ya Maƙale a Rumbu

Ni Hinda ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani daga garinmu har Mallawa. Amma abin da ɗan farina ya yi mini a daminar bara, ko mai haƙuri sai ya tanka.

Munir sunansa, ko da yake ba na kiransa da shi saboda kunyar ɗan fari. "Kai wannan" nake ce masa. Yana cika shekara goma sha huɗu ya zama wani daban. Wandon lakwal, wato na makaranta, ya tsaya masa a ƙwauri. Murya ta fashe, ya fara magana kamar dattijo ya ƙare kamar ɗan akuya. Ga fushi ba dalili: ƙanwarsa Nabila ta dube shi kawai, sai ya ja tsaki ya fice.

Duk wannan na ɗauka, girma ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne daina cin abinci. Yaron da yake gamawa da kwanonsa ya leƙa na ƙannensa, yanzu loma uku ya ture. Ana idar da sallar asuba ya ɓace, ba ya zuwa gonarmu sai rana ta take, idanu jajur. Na ce shi ke nan, ya shiga 'yan ƙwayar da ke zama a tashar kabu-kabu. Babansa Manzo yana Agadas wajen aikin gini tun bayan girbi. Tsoro ya kama ni sosai, ina ganin ɗana zai lalace a hannuna.

Ni kuwa tsorona ta baki yake fita. Ran nan na tsare shi a gaban maƙwabciyata Yakura.

"Me kake sha? Buɗe bakin in shinshina!"

"Inna, ki bar ni."

"Ba zan bari ba. Ubanka ya bar mini mutum, ya dawo ya tarar da ɗan ƙwaya?"

Ya sunkuyar da kai, ya fita.

A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu, haka na tarar. Rumbun na laka ne, bakinsa a sama, ɗan ƙarami, sai yaro ke iya shiga. Tun yana shekara bakwai Munir ke shiga ya miƙo dami, kuma wanda ya shiga ba ya faɗin abin da ya rage. Manzo ya ce geron zai kai mu kaka, na yarda. Da Munir ya fara fito mini da tsaba maimakon dami, ya ce buhu ne babansa ya ajiye, ban yi wata tambaya ba.

Wata Alhamis ina dawowa daga rijiya na ji Nabila tana dariya har da faɗuwa.

"Inna, zo ki ga Yaya ya maƙale!"

Ga shi can a saman rumbu, kai da hannu ɗaya a waje, sauran jiki a ciki. Shiga ya yi da dabara, fita ta gagara. Ni ma sai da na dara. Na ɗauko kwalbar man gyaɗa na kama tsani.

"Inna, kada ki hau!"

"To in bar ka nan har kaka?"

Na hau na shafa masa mai a kafaɗa. Sai a lokacin na lura kafaɗun ba na yaro ba ne, sun buɗe kamar na ubansa. Na kama hannunsa zan ja, na ji tafin ya yi kanta, wani wurin ya fashe. Na ja, ya murɗa, ya suɓuce waje. Idona ya faɗa cikin rumbun, ba da niyya ba. Ƙasa a share, babu dami ko ɗaya, sai buhu guda da bai kai rabi ba.

Da muka sauko na kori Nabila, na ce, "Tun yaushe?"

"Tun bayan shuka. Gara ta cinye na ƙasa gaba ɗaya."

"Buhun fa?"

"Barema nake yi a gonar Alhaji Muttaƙa da safe, in yi masa noma ya ba ni tiya ɗaya ta gero. Shi nake zubawa."

"Shi ya sa ka daina ci?"

"In na ci yadda cikina yake so, ba zai isa ba. Kullum yunwa nake ji, Inna."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai ba a faɗa. Kuma Baba ya ce in riƙe masa gida."

Sai ya fashe da kuka, yana goge ido da hannun da ya sha mai. Kunya ta rufe ni saboda abin da na kira shi. Amma alfaharin da na ji ya fi kunyar yawa. Wannan dogon abin mai tsaki, ni na haife shi.

Na ce masa ranar kasuwa tunkiyata za ta tafi Mallawa ta dawo mana gero. Sannan na leƙa ta kan danga na ɗaga murya yadda unguwa za ta ji.

"Yakura! Maganar da na yi a gabanki na janye. Wata biyu yaron nan ne yake ciyar da mu."

Da rana na tuƙa tuwo, na sauko da akushin babansa na cika shi taf, na ajiye a gabansa. Ya dubi akushin, ya dube ni.

"Na Baba ne."

"Na mai ciyar da gida ne. Ci."

Na koma gefe na yi kamar ina tankaɗe, ina kallonsa ta gefen ido har ya suɗe akushin tas.