Kujerar Gaba a Motar Ajingi

Shekarar da soja suka dinga korar ma'aikatan gwamnati ta rediyo, Badaru na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Direba ne, ya yi furfura yana tuƙa Malam Tukur, babban jami'in ayyuka na Gaya, a wata farar Fijo. Aka sallami ubangidan, aka haɗa da shi. Laifinsa? Oho.

Ni Maiwada, masinja ne a ofishin nan kafin in bari in shiga harkar mota, don haka na san halin wanda ya saba da albashi ya wayi gari babu. Da na ji matarsa Barira ta fara fitar da kwanukan ɗakinta kasuwa, sai na same shi har gida.

"Yaya Badaru, ga bas ɗina mai zuwa Kano daga Ajingi. Ka kama sitiyari, ni zan tsaya a ƙofa har ka saba."

Tuƙi kam ba a koya masa. Amma wallahi na sha takaici! Mutum zai tsaya bakin hanya yana ɗaga hannu har da hula, Badaru ya wuce shi fuu, ko waiwaye babu. Sai na daki jikin mota ina ihu, mun yi nisa, sannan ya taka burki. Ashe a motar gwamnati tsayawa ɗaukar talaka laifi ne, kuma ƙafarsa ta haddace. Ga wata kuma: da ya hangi mai babbar riga, sai ya tada manomi daga kujerar gaba ya ba shi. Mutanen ƙauyen Gafasa da ke kan hanyarmu suka koma ƙyale mu muna wucewa wayam, suna jiran wata motar.

Ranar kasuwar Ajingi na ajiye kunya, a gaban 'yan tasha. "Yaya, ina jin nauyinka, amma nan ba ofis ba ne. Wanda ya riga shiga, shi ke da wuri. Ka sake tada wani, ka ajiye mini makulli."

Ni da shi mun san makullin nan shi ne tuwon gidansa.

Hure, wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono, ita ta riga kowa, ta haye gaba da ƙwaryarta a cinya. Muka kama hanyar Gaya. Mun ɗan taɓa tafiya sai ga wani tsaye cikin rana da jaka, yana ɗaga hannu a kunyace. Ban daki mota ba, Badaru ya tsaya da kansa. Malam Tukur ne. Rigar ta koɗe, shi ma ya rame.

Badaru ya dira, ya rusuna, ya kewaya ya kama marfin ƙofar gaba. Hure ta dube shi ta fara tattara zanenta, don ta saba a tashe ta. Allah ya sani ba na son korarsa, amma magana zarar bunu ce, na riga na furta.

Ya daɗe riƙe da marfin. Can ya saki.

"Inna, yi zamanki." Ya juya wajen Malam Tukur. "Ranka ya daɗe, gaba da mutum. Akwai wuri a baya."

Malam Tukur ya leƙa: buhunan gero, akuya a ɗaure, mata da goyo. Ya yi wani murmushi da ya ba ni tausayi har cikin raina.

"Ba komai, Badaru. Dama a baya ka saba ganina."

Ya shiga ya matsu tsakanin buhu da wani makiyayi. Muka tashi. Ta madubi na ga hawaye na bin fuskar Badaru, bai ko share ba.

Dab da Gaya wani manomi da fartanya a kafaɗa ya ɗaga hannu. Kafin in ɗaga nawa, na ji burki.