Hantsar Saniyar Malam Iro

Saniyar ta sake kai harbi, ƙwarya ta yi gefe, Lois ta zube zaune a gindin turke. Tun ranar da zazzaɓi ya kwantar da maƙwabcinta Malam Iro, wannan ja'irar dabba ta rantse ba hannun da zai taɓa ta sai nasa. Ga bazara ta buɗe wuta a Tumfure, ƙasa kamar tanda, hantsa kuwa ta cika ta yi tauri, ƙudaje sun yanyame kan nonon.

Lois ta san abin da ke tafe. Shekara da shekaru tana leƙowa ta kan danga tana ganin yadda Malam Iro ke yi: ya wanke hantsar da ruwan ɗumi, ya tatse ta ƙaf, ya shafa man shanu, ya mayar da turke inuwa. Ya sha faɗa cewa nonon da ya kwana a hantsa da zafin nan, mugunya yake zama. In ta lalace, shi ke nan, matarsa Barira ba ta da abin dogara. Ɗansu ɗaya ya bi motocin siminti zuwa Ikko, shiru kake ji. Malamin dabbobi kuma an ce yana rangadi wajen Kwadon.

Lois ta shiga ɗakin Malam Iro. Barira na yi masa fifita, shi kuwa ya rame har Lois ba ta so ta dube shi. Ya tambaya ko an tatsa, Lois ta ce an yi. Saniyar ta yi kuka daga waje, ya gane.

"Maman Bernard," ya ce wa Lois da ƙyar, "sa rigata. Warina take nema."

Barira da kanta ta tuɓe masa rigar, jiƙe da gumi. Lois ta ji kunya ta kama ta, mace da rigar mijin wata, amma ta zura, ta ɗebi ruwan ɗumi ta fita.

Saniyar ta sunsuna kafaɗarta, ta daɗe tana sunsunawa, sannan ta tsaya cak. Lois ta durƙusa ta wanke, ta kama. Kan nono ɗaya ya riga ya lalace, ruwa rawaya da gudajin jini kawai yake fitarwa, ta zubar a ƙasa. Sauran suka sako fari tas.

Ƙwarya ba ta kai rabi ba Lois ta ji Barira ta ɗaga murya da salati. Mata suka fara shigowa da gudu, suna wuce ta. Ta so ta tashi, wallahi ta so, amma in ta saki yanzu saniyar ba za ta sake yarda ba. Ta kifa goshi a jikin dabbar, hawaye na zuba a wuyan rigar, hannuwanta na ci gaba da ja. Saniyar ta juyo da kai tana lasar hannun rigar a hankali.