Ƙuri'un Unguwar Rinji

Alhaji Bube, shugaban jam'iyya na mazaɓar Mawashi, bai ko ɗaga murya ba. Ture takardar neman takarar kansila ya yi gefe, ya dubi Malam Hussaini.

"Malam, kakana ne ya sayi kakanka, ya ajiye shi a Rinji yana yi masa noma. Yau kai ne za ka sha gaban ɗana?"

Malam Hussaini, tsohon hedimasta, ya naɗe takardarsa ya fita. Yayarsa Haulatu, shugabar matan jam'iyyar, ta zauna har aka shafa fatiha. Shekara goma sha shida ke nan tana jera wa Alhaji mata a layin zaɓe.

Kafin mako ya zagayo jam'iyya ta dare gida biyu. Mutanen Rinji suka daina zuwa taro, wasu 'yan cikin gari da maganar ta ba kunya suka bi su. Haulatu ta matsa wa ƙanenta sai da ya je Kusada ya karɓo takara a wata ƙaramar jam'iyya, ita kuma ta sayar da tumakinta biyu aka bugo masa fosta a Kankia.

"Yaya, yawanmu bai kai mu ci ba," in ji shi.

"Kai dai ka tsaya."

Gidan suna, gidan biki, bakin injin niƙa, babu inda ba ta shiga ba. Ba ta ƙara gishiri, maganar Alhaji kawai take maimaitawa yadda ya faɗe ta. Da abin ya yi tsami, Alhaji ya aiko matarsa da turmin atamfa, wai suɓutar baki ce.

"Magana zarar bunu ce, Hajiya," Haulatu ta ce, ta raka ta har ƙofa da turminta.

Ranar zaɓe ɗan takarar jam'iyyar hamayya ne ya lashe. Ɗan Alhaji ya zo na biyu, Malam Hussaini na uku.

Washegari Malam Hussaini ya tarar da Haulatu gaban tanda tana suyar waina.

"Yaya, mun faɗi fa. Wanda ya ci kuma ya ce rijiyar burtsatsen ƙauyensu zai kai. Bana ma a rafi za ku ɗebi ruwa."

"Na ji. Ɗan Alhaji ƙuri'a nawa ta rage masa?"

"Talatin da ɗaya."

"Mu nawa muka samu?"

"Ɗari biyu da tara."

Ta juya wainar, ta zaɓi masu kyau ta cika kwano, ta rufe da faifai.

"A kai wa gidan Alhaji tun da zafinta."